Jira Ba Ya Buɗe Bututu: Martani Kan Sikirif da 'Ya'yansa

Sikirif gajeren rubutun umarni ne da ake bai wa kwamfuta a harshe irin su Python ko Bash ko Perl, kuma yawancin aikinsa aike ne: ya tayar da wata manhaja, ya miƙa mata bayani, ya karɓi abin da ta mayar. A tsarin Unix da danginsa, irin su Linux da macOS da BSD, wanda ya yi aiken ana ce masa uwa, wanda aka tayar kuma ɗa. Kowane ɗa yana fara rayuwa da ƙofofi uku a buɗe, masu lamba 0 da 1 da 2. Ta farko, stdin, ta nan bayani ke shigo masa. Ta biyu, stdout, ta nan yake fitar da sakamakon aikinsa. Ta uku, stderr, ta koke-koke ce da rahoton kuskure. Idan uwa tana son jin abin da ɗanta ke faɗi, ko tana son faɗa masa wani abu, sai ta haɗa ƙofarsa da bututu, wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta mai baki biyu, ana zubawa ta ɗaya ana ɗiba ta ɗayan. Mai kula da bututun shi ne kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji lokaci da ƙwaƙwalwa. Douglas McIlroy ya fara kawo shawarar haɗa manhajoji ta wannan hanya a ɗakin binciken Bell tun 1964, Ken Thompson kuma ya saka ta a Unix a 1973.

Wani marubuci, a wata maƙala da ya yi domin masu koyon rubuta manhaja, ya ɗauki matsayin cewa duk lokacin da sikirif ya tsaya cak yana jiran ɗansa, ko amsa ta zo a gutsure, ko ta ƙi zuwa sam, matsalar ta lokaci ce: uwa ta yi gaggawa, ɗa bai kintsa ba. Maganin da ya bayar hawa uku ne. A sa uwa ta ɗan dakata da umarnin sleep. A yanka wa ɗan wa'adi, in ya cika a kashe shi a sake tayar da wani. In har yanzu ba a gano bakin zaren ba, a barbaɗa umarnin print ko'ina domin a ga inda aiki ya tsaya. Kayan bincike irin su strace, a ganinsa, na ƙwararru ne, kuma ɗalibi ba ya buƙatarsu.

Akwai ɗan abin gaskiya a ciki. Wani lokaci ɗan yakan kasance sabar da ke buƙatar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta fara karɓar saƙo, uwa kuma ta ƙwanƙwasa tun ba a buɗe ba. Wannan matsalar lokaci ce tsantsa. Sai dai ita ce mafi ƙaranci a cikin matsalolin da ke shiga tsakanin uwa da ɗa. Sauran kuwa matsaloli ne na yadda bututu yake aiki, kuma a kansu jira bai taɓa warkar da komai ba.

Mafi shahara a cikinsu ita ce cirko-cirko, kuma manhajar ffmpeg mai sarrafa bidiyo tana ba da misali mai kyau. Ita ffmpeg tana zuba duk bayanan gudanar da aikinta ta ƙofar stderr, tun daga sigarta har rahoton inda ta kai, ko da babu kuskure ko ɗaya. A ce sikirif ya haɗa stdout da stderr ɗinta da bututu biyu, sannan ya zauna yana karanta stdout kaɗai, ko kuma ya kira wait yana jiran ta gama kafin ya karanta komai. A gwaji da gajeren bidiyo komai zai tafi daidai. A kan dogon bidiyo kuwa aiki zai tsaya a tsakiya ba tare da wani saƙon kuskure ba. Dalili shi ne bututu yana da iyakar abin da zai ɗauka. A Linux, tun sigar kanel ta 2.6.11, iyakar bayit 65,536 ce. Kafin nan 4,096 ce kacal. Idan bututun stderr ya cika kuma babu mai ɗiba, kanel yakan dakatar da ɗan a daidai wurin da yake ƙoƙarin rubutu, har sai an sami sarari. Uwa tana jiran ɗa ya gama, ɗa yana jiran uwa ta ɗiba. Babu wanda zai motsa.

A nan ne shawarar marubucin ta rushe. Dakatawar daƙiƙa biyar da ta awa biyar duk ɗaya ne, domin babu abin da ke gudana a ɓoye wanda lokaci zai kammala. Jiran gawon shanu ne kawai. Wa'adi zai kashe ɗan, amma wanda za a tayar a madadinsa zai ɗauki wannan bidiyon, ya rubuta wannan rahoton, ya cika bututun a kusan wurin da na farko ya tsaya. Takardun bayanin Python da kansu suna gargaɗi a kan haɗa wait da bututu saboda wannan dalili. Sashen subprocess, wanda ya shigo harshen a siga ta 2.4 a 2004, yana da communicate, wanda ke karanta bututun biyu a lokaci guda har ƙarshensu kafin ya jira mutuwar ɗan. Ana iya kuma haɗe stderr da stdout su zama bututu ɗaya, ko a tura stderr cikin fayil, ko zuwa `/dev/null` in ba a buƙatarsa, ko a rage wa ffmpeg surutu da `-loglevel error`. Shi communicate yana tara duk abin da ya karanta a ƙwaƙwalwa, saboda haka idan sakamakon mai girma ne sai a koma ga select ko poll, ko a bai wa kowane bututu zarensa na karatu, wato layin aiki na daban a cikin uwar. Faɗaɗa bututun kuwa, wanda Linux ya ba da dama tun sigar 2.6.35, ɗage ranar matsalar kawai yake yi: iyakar da aka saba bai wa mai amfani na gama-gari bayit 1,048,576 ce, kuma ita ma takan cika.

Cirko-cirkon yana da wata fuskar. Uwa tana zuba babban rubutu a stdin na ɗa irin su sed ko gzip, da niyyar sai ta gama zubawa sannan ta karanta amsa. Su kuwa waɗannan manhajojin suna fitar da sakamako tun ba su gama karɓa ba. Bututun fita ya cika, ɗa ya daina ɗiba daga na shiga, shi ma ya cika, uwa ta maƙale a rubutu. Ƙaramin fayil yana wucewa, babba yana tsayawa, kuma wannan alamar, wato tsayawa da ke bin girman bayani, ita ce ta farko da ya kamata ta sa a zargi bututu.

Matsala ta biyu tana cikin ɗan ne, kafin bayani ya kai bututun. Kiran kanel domin rubuta kowane harafi yana da tsada, shi ya sa ɗakin karatun C, wanda dubban manhajoji ke dogaro da shi, yake ajiye wata randa a cikin kowace manhaja. Abin da aka rubuta yana taruwa a randar tukuna. Lokacin juye ta ya danganta da inda ƙofar ta dosa. Idan stdout yana fuskantar taminal, wato allon da mutum ke kallo, ana juyewa a ƙarshen kowane layi. Idan yana fuskantar bututu ko fayil, ba a juyewa sai randar ta cika, yawanci bayit dubu huɗu ko takwas, ko kuma manhajar ta fita lafiya. Sakamakon haka manhaja guda tana nuna hali biyu. A hannun mutum tana amsawa nan take; a ƙarƙashin sikirif tana yin shiru, alhali ta riga ta rubuta amsar, amsar tana zaune a randa. Idan uwa tana jiran wannan amsar kafin ta aika tambaya ta gaba, ɗa kuma yana jiran tambaya ta gaba kafin ya ƙara rubutu, an koma cirko-cirko da bututu fanko.

Magani a nan juye randa ne. Mai rubuta ɗan yana iya kiran fflush a C, ko `flush=True` a Python, bayan kowace amsa. Idan ɗan na wani ne, manhajoji da yawa suna da maɓallin wannan: `grep --line-buffered`, `sed -u`, `python -u` ko saita PYTHONUNBUFFERED. Akwai stdbuf, da ya shigo tarin GNU coreutils a 2009, wanda ke canza halin randar daga waje, amma yana tasiri ne kawai a kan manhajar da ke amfani da ɗakin karatun C ta hanyar da aka saba. Inda duk wannan ya gagara, ana haɗa ɗan da taminal na kwaikwayo, wanda ake kira pty, domin ya ɗauka da mutum yake magana. Wannan ita ce dabarar Expect, wadda Don Libes ya rubuta a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a 1990, da pexpect da ya biyo sawunta a Python. Tana da nata kuɗin: pty yakan maimaita abin da aka aika masa, ya ƙara harafin komawa farkon layi a ƙarshen kowane layi, kuma ɗan yana iya fara fitar da lambobin launi. Ita ma uwa tana da randarta, kuma sau da yawa saƙon da ake zaton ɗa ya yi biris da shi bai taɓa barin hannun uwar ba.

Wannan randar ce ta sa dogaro da print kaɗai yake ɓatar da mai bincike. Print da aka saka a cikin ɗa yana fita ne ta stdout, wato ta ƙofar da ake tuhuma. Yana shiga randar da ta riƙe amsar, yana cakuɗa da saƙonnin da uwa ke fassarawa, yana ƙara wa bututun da ya kusa cika nauyi, ko kuma ya cika randar da wuri har matsalar ta ɓace na ɗan lokaci. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan an haɗa shi da wa'adin da marubucin ya ba da shawara. Ɗan da aka kashe da siginar SIGKILL ba ya samun damar juye randarsa, duk abin da ke ciki ya tafi da shi. Layin ƙarshe da mai bincike zai gani ba shi ne na ƙarshe da aka rubuta ba, yana iya zama ɗaruruwan layuka a baya, kuma mutum zai ɓata yini yana tonon sashen da ba shi da laifi. Idan za a yi amfani da rubutun bin sawu, wurinsa stderr ne da aka tura cikin fayil, ko fayil na musamman da ake juye randarsa layi-layi, kowane layi ɗauke da lokaci da lambar manhajar da ta rubuta shi.

Matsala ta uku ta shafi ƙarshen magana. Bututu ba shi da wata kalma ta ban kwana. Mai karatu yana sanin an gama ne kawai idan kanel ya mayar masa da bayit sifili, kanel kuma ba ya yin haka sai an rufe dukkan bakunan zubawa na wannan bututun, a duk manhajar da ke riƙe da su. Umarnin sort ba zai iya fitar da layi ko ɗaya ba sai ya ga ƙarshen abin da aka ba shi, domin layin ƙarshe yana iya zama na farko a jeri. Uwar da ta zuba masa bayani ta mance ba ta rufe bakinta na bututun ba, za ta jira shi har abada. Abin yana ƙara rikicewa saboda gado: idan uwa ta haifi ɗa ta hanyar fork, ɗan yana gadon kwafin duk ƙofofinta da ke buɗe. Ɗa na biyu yana iya riƙe da bakin zubawar bututun yayansa ba tare da ya sani ba, sai uwa ta rufe nata, amma ƙarshen ya ƙi isa. Python ya toshe yawancin wannan ramin, inda tun siga ta 3.2 subprocess ke rufe ƙofofin da ba a buƙata a cikin ɗa, a siga ta 3.4 kuma aka sa sababbin ƙofofi su zama ba a gadonsu sai an nema. Mai rubuta fork da hannunsa a C har yanzu shi ke da alhakin rufewa, ko ya buɗe ƙofofin da alamar O_CLOEXEC.

Sai jika. Ɗa yana iya tayar da wata manhaja ta ci gaba da aiki a bayan fage, shi kuma ya fita. Jikan ya gaji stdout, wato bakin zubawar bututun da uwa ke saurare. Ɗa ya mutu tuntuni, amma communicate, ko `$( )` a Bash, yana nan zaune, domin bututun bai rufu ba. Wa'adi a wannan halin yana harbin wanda ba ya nan. Haka ma idan an tayar da umarni ta hannun shell, wato mai fassara umarni irin Bash, kamar da `shell=True`, musamman layi mai umarni fiye da ɗaya: ɗan da uwa ta sani shi ne shell ɗin, ainihin mai aikin jika ne. An kashe shell, jika yana raye riƙe da bututu da fayil da tashar sadarwa, kuma kowace sake gwadawa tana barin wani jikan. Bayan awa ɗaya na wannan, injin yana ɗauke da gomman manhajoji marayu masu rubutu a fayil guda. Gyaran shi ne a tura ƙofofin jikan wani wuri tun wajen tayar da shi, kuma a sa ɗa da zuriyarsa a rukuni guda, da `start_new_session=True` misali, domin killpg ya isar da sigina ga kowa.

Da'awar cewa kayan bincike na ƙwararru ne ita ce ta fi cutar da ɗalibi, domin tambayar da za ta raba gardama gaba ɗaya, wato ɗan nan jinkiri yake yi ko maƙalewa ya yi, ana amsa ta cikin minti ɗaya da umarni uku. Na farko `pstree -p` ko `ps -ef --forest`, wanda ke nuna bishiyar iyali: wa ya haifi wa, wa ke raye, ko akwai jikan da ba a san da shi ba. Ɗa mai jinkiri yana cin ƙarfin injin ko yana karanta faifai. Wanda ya maƙale yana barci, ps yana nuna shi da harafin S, ba ya cin komai. Na biyu shi ne duba `/proc`, inda Linux ke baje halin kowace manhaja kamar fayiloli. Umarnin `ls -l` a kan babban fayil na fd na kowace manhaja yana jera ƙofofinta, kowane bututu da lambarsa. Lamba ɗaya a wurin manhajoji biyu tana nufin bututu ɗaya ne. Idan lambar ta bayyana a wurin ta uku da ba a zata ba, an gano mai riƙe da bakin da ya hana ƙarshe zuwa. Umarnin lsof yana ba da wannan bayanin har da ko ƙofar ta karatu ce ko ta rubutu.

Na uku shi ne strace, wanda Paul Kranenburg ya fara rubutawa domin SunOS a 1991. Aikinsa nuna duk buƙatar da manhaja ta miƙa wa kanel. Idan an liƙa shi da `-p` a jikin ɗan da ya tsaya, yakan nuna layi ɗaya da bai ƙarasa ba. A misalin ffmpeg layin zai fara da write da lamba 2: ɗan yana ƙoƙarin rubutu a stderr, an hana shi. A jikin uwa za a ga read a kan wata ƙofar, ko wait4. Layuka biyun nan su ne dukan labarin, kuma karanta su bai fi ƙarfin wanda ya san ma'anar 0 da 1 da 2 ba. A matsalar randa hoton daban ne: duka biyun suna kan read, kuma babu write ɗin amsar a tarihin ɗan. Da `-f` strace yana bin 'ya'ya da jikoki tun daga haihuwa, `-y` yana rubuta abin da kowace lambar ƙofa ke nufi, `-tt` yana saka lokaci. Gaskiya ne yana rage saurin manhaja, har matsalar da ta rataya a kan tsere tana iya ɓuya a ƙarƙashinsa. Amma cirko-cirkon da ya riga ya auku ba ya gudu, yana nan yadda yake har a zo a duba shi. A wasu rabe-raben Linux, irin su Ubuntu, liƙa strace a jikin manhajar da ke gudana yana buƙatar sudo. FreeBSD yana da truss, macOS yana da dtruss, Windows kuma, inda babu fork amma akwai gadon ƙofofi da cikar bututu, yana da Process Explorer da Process Monitor.

Wasu matsalolin ba su da alaƙa da lokaci ko ta nesa. Madaukin Bash da ke karanta jerin sunayen injuna layi-layi yana kiran ssh a kan kowanne yakan tsaya bayan na farko, ba tare da kuskure ba. Shi ssh ya gaji stdin na madaukin, ya haɗiye sauran jerin. Maɓallin `-n` yana hana shi, kamar yadda `-nostdin` ke hana ffmpeg irin wannan. Haka kuma ssh ba ya karɓar kalmar sirri ta stdin, yana buɗe `/dev/tty` ne kai tsaye, don haka kalmar da uwa ta zuba a bututu ba za ta isa inda ake jiranta ba.

Akwai wuri guda da sleep ke bayyana kamar yana aiki, kuma daga nan ne ra'ayin marubucin yake samun magoya baya. Bututu rafin bayit ne, bai san iyakar saƙo ba. Abin da ɗa ya rubuta sau ɗaya uwa tana iya samunsa a karatu uku, abin da ya rubuta sau uku tana iya samunsa a dunƙule. Wanda ya dakata daƙiƙa ɗaya kafin karatu yawanci zai tarar komai ya iso, sai ya ɗauka ya yi gyara. Ranar da injin ya yi nauyi, ko saƙon ya yi tsawo, gutsurarriyar amsa ta dawo. Ga mai sarrafa rubutun Hausa abin yana da wata fuska ta musamman. A tsarin UTF-8 haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu ne. Ƙaramin harafin ƙ misali C6 ne da 99. Idan karatu ya yanke a tsakanin biyun, uwar da ke fassara kowane guntu shi kaɗai za ta faɗi da kuskuren fassarar haruffa, a kan rubutu lafiyayye, sau ɗaya cikin gwaji masu yawa. Gyaran na gaskiya shi ne a yi wa saƙo iyaka, a kuma tara bayit har iyakar ta cika: ko dai kowane saƙo layi ɗaya, ko a gabatar da tsawonsa kafin shi. Git yana sa lambobi huɗu na tsawo a gaban kowane guntun saƙonsa, yarjejeniyar LSP da editoci ke magana da ita da sabar harshe kuma tana amfani da kan bayani mai faɗin tsawon abin da ke tafe. Idan 'ya'ya da yawa suna zubawa a bututu guda, kanel yana ba da tabbacin cewa rubutu ba zai cakuɗa da na wani ba matuƙar bai wuce bayit 4,096 a Linux ba. Ƙa'idar POSIX 512 kawai ta wajabta. Ko a batun sabar da ba ta kintsa ba, abin da ya dace shi ne uwa ta jira alama, layin da ɗan zai rubuta cewa ya shirya, ko ta riƙa gwada tashar har ta amsa, domin adadin daƙiƙun da aka zaɓa da ka ko dai ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Sake gwadawa ba tare da tambayar dalilin mutuwa ba yana zubar da bayanin da ɗa ya bari. Kowane ɗa yana fita da lamba. Sifili nasara ce. A shell, 127 na nufin ba a sami umarnin ba, abin da ke yawan faruwa ga sikirif da ke aiki a hannun mutum amma ya gaza a ƙarƙashin cron, mai tayar da ayyuka a kan lokacin da aka tsara, inda jerin wuraren neman umarni gajere ne. 126 na nufin an same shi amma ba a iya gudanar da shi ba. Lamba sama da 128 yawanci sigina ce aka tara da 128: 143 SIGTERM ce, 137 SIGKILL, wadda sau da yawa kanel ne ya aiko ta saboda ƙwaƙwalwa ta ƙare, 141 kuma SIGPIPE, wadda ke samun mai rubutu a bututun da mai karatunsa ya tafi, kamar `yes` idan `head` ya ɗauki abin da yake so ya fita. Python yana nuna waɗannan da lamba mai ragi, kamar -9, kuma shi kansa yana ƙin mutuwa da SIGPIPE, sai ya tayar da BrokenPipeError. Sake gwada 127 sau goma zai ba da 127 sau goma. Sake gwada aikin da ya riga ya rubuta rabin sakamako a rumbun bayanai kuwa yana iya ninka shi. A jerin umarni da aka haɗa da bututu, Bash yana mayar da lambar na ƙarshe ne kaɗai, saboda haka faɗuwar na farko tana ɓuya sai an kunna `set -o pipefail` ko an duba PIPESTATUS.

Wa'adi yana da gurbinsa, a matsayin shinge na ƙarshe ga abin da ke wajen ikon sikirif, kamar sabar nesa da ta daina amsawa, kuma subprocess yana da shi tun siga ta 3.3. Idan ya cika, tsarin da ya dace shi ne uwa ta fara adana abin da ta tara daga stderr da hoton bishiyar iyalin, sannan ta aika SIGTERM ga rukunin gaba ɗaya domin duk wanda ya tanadi amsa wannan siginar ya sami damar juye randarsa ya rufe fayilolinsa, ta ba su ɗan lokaci, sai SIGKILL ga wanda ya rage. Bayan haka ta ƙarasa ɗibar abin da ya saura a bututun, ta rufe su, ta kira wait. Ɗan da ya mutu uwarsa ba ta karɓi lambar fitarsa ba yana zama a jadawalin kanel da harafin Z, ps yana rubuta masa defunct, kuma babu siginar da ke kawar da shi, sai uwar ta kira wait, ko ita ma ta mutu manhaja mai lamba 1 ta gaje shi ta karɓi lambar a madadinta.